Mai Unguwa Yana Kan Shida

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Aji uku na babbar sakandare, amma kai kamar dutse. Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin irinsu ba. Na raba masu takardar giraf, zanen lissafi mai tudu biyu, na ce su nuna mani kowace ƙololuwa. Duk suka nuna babban tudun, suka bar ƙaramin. Na ce, babban tudun hakimi ne, ƙaramin mai unguwa. Mai unguwa bai kai hakimi ba, amma a unguwarshi wa ya fi shi? Suka yi ta dariya. Dariyar kaɗai suka iya. Tir!

Laraba, 7 ga Mayu

Gwajin fidda wanda zai wakilci makaranta a gasar lissafi a Faskari. Mutum ɗaya ake so. Na ƙirga gidajen layin kwance, mai unguwa yana kan uku. Jabiru ya rubuta uku. Zulaihatu, wadda take tahowa daga Tafoki, ta rubuta shida. Maki ɗayan nan ya raba su, na ɗauki Jabiru.

Ita kuwa wai har da ɗaga hannu. "Malam, kowane gida biyu ne." Ni za ta koya wa ƙirga! Na ce ta bari sai ta iya ƙirga awarar da take saidawa a ƙofar makaranta tukuna. Aji ya ɗauki dariya. Ta zauna.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ba ta zo ba. Can ta matse mata.

Litinin, 12 ga Mayu

Har yau kujerarta wayam. Ƙawarta Hafiza ta ce yanzu ko a hanya yara "mai awara shida" suke kiranta, kuma ta ce ta gama da makaranta. Yaran zamani, ba a isa a gyara masu ba.

Jabiru kuwa, na ba shi giraf sabo, ya tsaya yana kallona kamar an kai akuya kasuwa. Wanga ne zai je Faskari? Allah ya kyauta.

Talata, 13 ga Mayu

Uwargida Suwaibatu ta sake tado maganar tabarau. Tun bara likita a Kankara ya ba ni, yana cikin akwati. Ta ce, "Malam, jiya fa gishiri ka zuba a shayi." Na ce idona garau. Sa tabarau sai tsofaffi.

Asabar, 17 ga Mayu

Da hantsi ba kowa a gida, na sa tabaran. Gwaji kawai. Takardar giraf ɗin gwajin nan ce kusa da hannuna.

Ƙarƙashin layin kwance akwai ƙananan lambobi. Sifili, biyu, huɗu, shida. Ni da na ɗauka dattin injin hoto ne. Gida uku, kowane biyu. Shida.

Innalillahi. Ni da nake ce masu kullum a karanta ma'auni kafin a ƙirga gida. Na ji ƙyamar kaina har abinci ya gagare ni. Suwaibatu ta dawo ta gan ni da tabarau a fuska, ta buɗe baki, na ce kar ki soma.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na je Tafoki a babur. Dama ina da niyyar duba farashin masara, ba don komai ba. Na gaida mahaifinta, Malam Maharazu, na ce a turo ta gobe. Ta leƙo, ta ga tabarau, ta sunkuyar da kai. Ban san ko dariya take ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Ta zo. Na zana giraf ɗin a allo, na miƙa mata alli, na ce ta nuna wa aji inda mai unguwa yake. Ta rubuta shida. Na ce daidai ne, tun ranar ma daidai ne, ita za ta Faskari. Wani daga bayan aji ya ce, "To Malam, wa ya kasa ƙirga?"

Na ce ya buɗe shafi na arba'in. Sannan na ce, ni ne.

Tabaran yana matse mani hanci. Gobe ma zan sa.