Na ce ban san mahaifina ba, yana tsaye yana ji

Lalla Zuhur, don Allah ki taimake ni. Shekara ashirin da biyu ke nan abin nan yana cina, ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Mahaifina mawaƙin biki ne a unguwar Darb Sultan, nan Kasabalanka, da gogensa a kan gwiwa. Waƙa ɗaya tak ya taɓa sakawa a kaset, ita ma ba ta yi kasuwa ba. Ni kuwa na taso ina jin kunyar sana'arsa. Na tara gashi, na koma baƙaƙen kaya, ba na sauraron komai sai kiɗan rok. Ina shekara goma sha tara wasu samari huɗu masu jita suka tono waƙar Ba, kamar yadda muke kiran mahaifina, suka sake rera ta da nasu salon, gari ya ɗauka. Ban gaya wa kowa ta ubana ce ba.

Ranar da suka yi wasa a filin ƙwallo, da la'asar, na je da abokaina, har da Gizlan, 'yar masu hali daga unguwar Anfa, wadda nake mutuwar so a lokacin. Ashe Ba ya ji labari a wurin mai aski. Ana tsakiyar waƙar, dubban mutane na tsalle suna rera baitin da ya yi wa mahaifiyata, sai ga shi yana kutsowa da jallabiyarsa ta Juma'a. Fuskarsa, Lalla, kamar yaro ranar sallah. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kana ji? Tawa ce suke yi." Wani abokina ya kwashe da dariya ya ce, "Alhaji, ka yi ɓatan kai, masallaci yana can baya." Gizlan ta tambaye ni ko na san shi. Na zare hannuna, na ce wani tsoho ne a unguwarmu, kansa ba daidai ba, kowa ɗansa ne.

Ya ji. Ya dube ni, ya juya ya tafi. Da na koma gida na tarar yana haɗa shayi, ya zuba mini, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaran sun iya, sai dai mai gangar yana sauri." Daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Da ya mare ni ma da ya fi mini sauƙi.

Yanzu mawaƙan sun sake haɗuwa, duk tasin da na shiga waƙar ce a rediyo, har sauka nake yi kafin in kai inda za ni. 'Yata Nuhaila, mai shekara goma sha biyar, ta ga sunan kakanta a tsohon kaset ɗin, ta bi makaranta tana alfahari. Ta dage mu kai shi wasan da za su yi wata mai zuwa. Mahaifina ya haura tamanin, ido ya yi rauni amma hankali garau. Da ta gaya masa sai ya ce, "In babanki ba zai ji nauyi ba."

In tayar da maganar, ko in kai shi kawai in yi shiru? Ina tsoron in fama masa ciwo don ni in samu sauƙi.

Ɗan mai goge

*

Ɗana, tsoron da kake ji yana da tushe. Akwai ban haƙurin da mutum ke yi don ya sauke kayansa a kan wanda ya cuta, kuma dattijo irin mahaifinka yana iya fi son a bar kaza cikin gashinta. Amma amsar da ya ba Nuhaila ta raba gardama. Bai manta ba, kuma har yau yana zaton kana jin kunyarsa. Kada ka bari ya ƙarasa kwanakinsa da wannan zaton.

Ka je wurinsa kafin ranar wasan, ku biyu kawai. Ka faɗi abin da ka yi da kalmomin da ka yi shi, ka ce ka yi kuskure, ka nemi gafara. Kada ka fake da ƙuruciya ko da Gizlan. Shekara goma sha tara tana bayyana wauta, ba ta wanke ta. In ya ce bai tuna ba, kada ka matsa, sutura ce ya yi maka, ka karɓa.

Sannan ka tambaye shi ko shi yana son zuwa. In yana so, ka nemi mawaƙan su tanadar masa kujera inda ba turereniya. Kada ka shirya a kira shi kan dandamali sai da yardarsa, ranar tasa ce, ba ta wankin laifinka ba. Duk wanda ya tambaye ka wane ne wannan, ka amsa yadda zai ji.

Kada ka jira wata mai zuwa, tamanin ba wasa ba ce. Ka je Juma'ar nan. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya zukatanku.

Lalla Zuhur