Ƙarfen Da Ke Kuka A Kwatangwalona

9 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya hawan jinin? Kada ki yi wasa da magani. Mutuniyarki, uwargidana, tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta yi fushi, kin yi wuyar gani.

Yau shekara tara ke nan cif da ranar da kika zo duba ni, na ce miki ƙarfen da aka dasa mini a kwatangwalo yana kuka idan na miƙe. Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce Yaya da ma tun muna yara raki gare ka. Ke na san kin manta. Ni ban manta ba, kuma ba don in tayar da tsohon zance na tuna miki ba, sai don ki fahimci abin da zan gaya miki.

Ba ke kaɗai ba ce. Likitan da ya yi aikin ma haka ya dafa kafaɗata, ya ce tsufa ne, in rage tunani. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin duba sikeli, ina bi shago shago ina gwada ma'auni in buga hatimi, ni za a koya wa yadda ƙarfe ke yi idan yana cin ɗan'uwansa? Kuka yake kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Idan na shiga ɗaki jikokina ba sa ɗaga kai, sun riga sun ji ni tun daga tsakar gida.

Shekara biyu da suka wuce kamfanin da ya ƙera ƙarfen ya aiko wa kowa takarda, wai sun janye shi daga kasuwa saboda taka-tsantsan. Taka-tsantsan! An gwada jinina an samu garin ƙarfe a ciki. Bakina kullum ɗanɗanon kwabo, kunnen hagu yana shuu ba dare ba rana. Da aka zuƙo ruwa da allura daga kumburin da ya fito mini a kwatangwalon, baƙi ya fito kamar tsohon man inji. Yarinyar da ke riƙe da kwano sai da ta kawar da kai. Ban ga laifinta ba, ni ma ƙyamar kaina nake yi.

Yanzu mu talatin da huɗu ne muka haɗu muka shigar da ƙara. Ofishin lauyarmu yana hawa na biyu, kuma babu na'urar hawa. Ki kwatanta a ranki, Auta: mutum talatin da huɗu masu ruɓaɓɓen ƙugu suna jan jiki a kan matakala, kowa da irin nishinsa. Akwai wani direban babbar mota da muke hutawa tare a tsakiyar matakalar. Ya ce idan muka ci shari'ar, abu na farko da zai roƙi alƙali shi ne a sauko da lauyar ƙasa. Shi ya laƙaba mini Mai Sikeli, yanzu kowa haka yake kirana.

Abin da nake nema ɗaya ne: a tilasta wa kamfanin ya ɗauki nauyin aiki na biyu, a cire wannan ƙarfe a sa wani. Aikin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Sabon likitan da nake gani ya nuna mini hoton ƙashin, ya ce ƙarfen yana cinye shi, idan aka wuce ƙarshen shekarar nan ba za a samu wurin da sabon zai kama ba.

Kamfanin yana cewa babu wanda ya taɓa kai masa kuka kafin ya janye kayansa. To, a nan dariyarki ta yi rana. A makon da kika tafi, haushi ya sa na zauna na rubuta wa asibitin takardar koke shafi uku, na aika wa wakilin kamfanin kwafi, na tsaya a kan magatakardan asibitin sai da ya buga mini hatimin karɓa da kwanan wata. Ba su taɓa ba ni amsa ba. Jiya na kai wa lauyar. Ta karanta sau biyu, ta dube ni, ta ce ko zan bar mata. Na bar mata. Duk cikinmu babu mai irin wannan takarda ko ɗaya sai ni. Karatun da mahaifinmu ya sha wahala a kai bai tashi a banza ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Yayanki

21 ga Yuni

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan zazzaɓin ƙaramin naki ya sauka. Saƙonki ya iso, na gode da man zafin, ko da yake shafa shi a kan wannan ciwo kamar shafa wa bango ne.

Kin ce in yafe miki dariyar. Na yafe. Da ma ita ce babbar damuwata.

An zauna kotu ranar Talata. Benci na katako, ba majingina, aka jera mu a kai tun ƙarfe tara. Lauyoyin kamfanin su biyar suka shigo da akwatuna masu taya, ƙamshin turarensu ya riga su isowa. Babbansu mutum ne mai taushin murya, irin wanda zai yanka ka yana tambayar lafiyar iyali.

Aka kira ni. Babban lauyan nasu ya ɗaga takardata ya nuna wa alƙali, ya yaba rubutun hannuna, ya ce yanzu ba a samun irinsa. Ya tambayi inda na yi karatu, da aikin da na yi. Auta, kunya nake ji in gaya miki: daɗi na ji. Na gyara tsayuwa a kan sandata, na shiga yi masa bayanin yadda ƙarfe ke gogar ƙarfe kamar ina gaban ɗalibai. Yana ta gyaɗa kai. Sannan ya roƙe ni in karanta layi na ƙarshe a shafi na biyu da bakina. Na karanta da ƙarfi don na baya su ji. Na rubuta cewa ba ni da ko shakka aibin yana jikin ƙarfen ne, ba a jikina ba.

Ya tambaye ni ko har zuciyata na yarda da hakan a ranar da na rubuta. Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce in karanta kwanan watan da ke kan hatimin. Na karanta. Ya yi mini godiya ya zauna.

Sai a bakin ƙofa aka fahimtar da ni abin da na yi. Ashe doka ta ba mutum shekara uku ne kacal ya kai ƙara, daga ranar da ya san an cuce shi. Sauran talatin da ukun ba su rubuta komai ba, sun yi ta nishi a ɗakunansu suna cewa tsufa ne kamar yadda aka gaya musu. Saboda haka nasu wa'adin ya fara ne daga takardar janyewa, shekara biyu da suka wuce. Ni kuwa na shaida da bakina, a gaban alƙali, cewa na sani tun shekara tara. Wa'adina ya ƙare tun kafin a haifi jikata ta uku.

Na tare lauyarmu a baranda na tambaye ta ko ta san haka ranar da ta karɓi takardar. Ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ta yi ta juya wayarta tana kirana Baba, tana cewa ta zaci alƙali zai duba halin da nake ciki. Ta sani, Auta. Tun karatun farko ta gane takardar za ta ɗaure kamfanin ta kuma jefar da ni, ta auna mutum talatin da uku da mutum ɗaya, ta ga inda ya rinjaya. Wataƙila da ta tambaye ni da na yarda. Wataƙila da ban yarda ba. Amma ba ta tambaya ba, ta bar ni na tsaya gaban alƙali na yi ta baza ilimi kamar wawa.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne, asibitin da ya rantse bai taɓa ganin kokena ba, yanzu ya nemo nasa kwafin tsaf a cikin fayil, ko lanƙwasa babu. Shekara tara yana kwance a aljihun tebur. Lokacin da zai amfane ni ya ɓata, da zai kashe ni ya fito.

Da muka iso gida mutuniyarki ta cire mini takalma kamar kullum, ta ce da ma na iya yin shiru kamar sauran mutane. Ban ga ƙarya a maganarta ba.

Alƙali ya ce zai yanke hukunci a kan matsayina bayan hutun kotu. Ki sa ni a addu'a.

Yayanki

2 ga Disamba

Ƙanwata,

Da fatan kuna lafiya baki ɗaya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi miki, wasiƙunki biyu duk sun zo. Ba fushi ba ne, hannuna ne ba ya son alƙalami yanzu.

An cire sunana daga ƙarar a watan Satumba. Alƙali ya ce yana tausaya mini, amma doka ta ɗaure masa hannu. A cikin hukuncin ya kira takardata hujja mai ƙarfi da ke nuna kamfanin ya san da matsalar tun da daɗewa. Mako uku bayan haka kamfanin ya nemi sulhu. Ya yarda zai yi wa kowa aiki na biyu, bisa sharaɗin ba zai amsa laifi ba, kuma kowa ya kama bakinsa. Duk sun sa hannu. Waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa.

Na rubuta wa kamfanin ina roƙo a haɗa da ni don Allah. Ni, roƙo! Aka aiko mini da amsa layi huɗu da fatan samun sauƙi, da kalandar sabuwar shekara mai hoton wani tsoho yana gudu a bakin ruwa. Mutuniyarki ta shimfiɗa ta a ƙarƙashin kwandon shara.

Direban nan ya zo gaishe ni makon jiya. An yi masa aikin, yana tafiya da sanda ɗaya, likita ya ce kwanan nan zai ajiye ta. Ya zauna a bakin gadona yana ta sa mini albarka, wai Mai Sikeli kai ka ceto mu, har ya yi hawaye. Mutumin kirki ne, babu abin da ya yi mini. Amma ina kallon ƙafarsa tana lanƙwashewa ba tare da ƙara ba, na ji kamar in ce ya tashi ya fita. Na ƙyamaci lauyoyi, na ƙyamaci likitoci, ranar kuma na ƙyamaci kaina fiye da su.

Kin ce ku da maigidan za ku sayar da filinku a yi mini aikin. Allah ya saka da alheri, amma kada ku taɓa shi. Ranar Litinin aka sake ɗaukar hoton. Likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo da allon ya nuna mini inda ƙashi yake a da. Babu abin da sabon ƙarfe zai kama. Za su cire tsohon a watan gobe saboda jinina, su rufe wurin haka nan.

Ƙafar hagu za ta gajarce da inci biyu, kuma ba za ta ƙara ɗaukar nauyina ba. Rabona da kai goshina ƙasa a salla shekara shida ke nan, ina zaune a kujera ina jiran ranar da za a gyara. Likita ya ce in daina jira.

Ki gaishe da yara.

Yayanki