Minti Huɗun da Aka Yanke

Zuwa ga Korotimi, sanyin idona, inuwar kaɗanyata, mangwaron Orodara mai nuna tun daga ciki, ruwan Banfora da ke zubowa daga kan dutse bai taɓa cewa ya gaji ba! Uwar 'ya'yana, ga gaisuwar mutumin da bai cancanci a amsa masa ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Ke kika koya mini haɗa baƙaƙe a bayan tsofaffin tikiti, kin kuma san hannuna bai taɓa miƙewa ba, kamar halina.

Koro, an dawo da fim ɗinmu, na kuratan sojan nan da aka ɗauka a tsohon bariki shekara arba'in da suka wuce, tun ba a kai goro gidanku ba. 'Yar marigayin da ya shirya shi ce ta tono gwangwanayen fim ɗin a ɗakin ubanta, ta sa aka haɗa shi da duk abin da aka yanke. Ashe masu silima ne suka ce a wancan zamani ba su karɓar fim ɗin da ya wuce awa ɗaya da rabi, don sau biyu suke nunawa a yini. Sai aka sa almakashi aka zubar da minti ashirin da biyar. Ranar Asabar da la'asar aka nuna dogon. Na zauna a sahun gaba, ni da na shekara talatin ina yaga tikiti a ƙofar silimar nan, ni da duk garin Bobo ke zuwa wurina tambayar wace shekara aka yi kaza. Gyara na je yi musu.

Gajeren na haddace shi kamar Fatiha. A cikinsa Saje ya faɗa kwata, an yi dariya, an wuce. A dogon kuwa sai ya yi ta fafutukar fitowa, kurata na jere suna sara masa, don ba wanda ya ba su umarnin taimako. A gajeren ragon Kyaftin ya cinye taswira ne kawai, a dogon har kotu aka kafa masa. Ba zan ɓoye miki ba, akwai inda dogon ke jan ƙafa kamar jirgin ƙasan Abijan. Waƙar fareti har sau uku, wa ya aike su? Ina cikin faɗa wa Diko haka, Bafillacen nan abokin wasana da ba ya raga mini, sai ga ƙofar bariki a kan allo. Sai ga kasko. Sai ga ki a bakinsa kina tuya.

Wayyo Koro! Ɗankwali ruwan ƙwai, wuya kamar na barewa ta jiyo motsi, hayaƙin mai yana zagaye ki kamar tururin safiya a kan kogi. Ina numfashina ya tafi? Wa ya ce wa tsufa ya taɓa wannan fuska, in ba ni da bakina ba?

Kin san abin da na yi shekara arba'in ina faɗa. Wai magana ɗaya tak aka ba ni, in zo gabanki in ce, "Saje ya ce barkonon jiya ya hana shi fareti." Wai na faɗe ta daidai, ke kika fashe da dariya kika ɓata wurin, shi ya sa aka yanke mu, shi ya sa ban zama ɗan wasa ba na ƙare a bakin ƙofa. Na faɗa a wurin shan shayi, na faɗa a gidan biki, na faɗa wa 'ya'yan da kika haifa mini. Ke kuwa iyakarki ki ce, "Maigida, ba haka aka yi ba." Ni kuma in ce, "Ni za a koya wa tuna baya?" Har ranar sunan jikanmu, a gaban surukai, na sake, har da kwaikwayon dariyarki. Kika ajiye ludayi. Washegari kika hau motar Banfora zuwa gidan ƙanenki. Damina biyu ke nan. Na rantse ba zan yi biko ba, wai ni mai gaskiya.

To, ga abin da allon ya nuna wa Bobo. Na taho cikin kakin da ya fi ƙarfina, na ƙame a gabanki, na buɗe baki. Shiru. Ko harafi! Ina kallonki baki hangame kamar tarwaɗa ta hango mai ba ta abinci. Ba ki yi dariya ba, Koro, ko murmushi. Kin ga na nutse, sai kika ɗauko soyayyen agade kika cusa mini a baki, kika ce, "Kurtu, rufe, ƙuda bai shiga soja ba." Maganar da ba wanda ya rubuta miki! Zauren ya ɗauka gaba ɗaya, kaf fim ɗin babu inda aka yi dariya irin ta nan. Dariyar da na yi ta ji a kunnena duk shekarun nan, ashe ta masu riƙe da na'ura ce a bayana, ba taki ba.

Diko ya dafa kafaɗata ya ce, "Bawana, ashe kai ne gunkin! Ka ci agaden baiwar Allah, ka shekara arba'in kana goge baki a zanenta." Kowa na share hawayen dariya, ni ina share nawa.

Wane irin mai tuna baya ne ni? Na riƙe sunan kowane kurtu, har na ragon, amma na ɓatar da alherin da aka sa mini a baki! Masu silima sun yanke minti huɗunmu don lokaci ya ƙure musu. Ni me ya ƙure mini? Girman kai ne almakashina, na yanke ki, na yi ta nuna wa duniya gajeren nawa. Me ya hana ki, ko sau ɗaya, ki ce ni ne na sandare? Kin rufa mini asiri a gaban na'ura, kika ci gaba da rufawa har furfura, ni kuwa ina yaye naki zanen a bainar jama'a.

Kaskon nan yana rataye inda kika bar shi. Ba na bari a taɓa. Tuwon kowa ba ya wuce mini maƙogwaro, tsakar gida ta yi mini faɗi kamar filin fareti bayan an sallami sojoji.

Asabar mai zuwa za a sake nunawa, sau ɗaya, daga nan a wuce da shi Wagadugu. Na roƙi 'yar marigayin ta ba ni abin magana kafin a fara. Na gayyato surukai da 'yan shayi da 'ya'yanmu. Zan tsaya in ce Siyaka ya yi ƙarya shekara arba'in, Korotimi ce ta cece shi. Na kama miki kujera kusa da tawa. Ki zo, don Allah, ki ga yarinyar nan mai ɗankwali ruwan ƙwai, ki ji yadda gari ke tafa mata.

In ba ki zo ba, zan faɗa wa kujerar, ranar Lahadi kuma in hau motar Banfora. Ban shirya abin da zan ce a ƙofar ƙanenki ba, don na san da na gan ki maganar za ta gudu kamar wancan karon. Zan tsaya baki buɗe. Ko ki rufe shi da agade, ko ki rufe ƙofa. Duk wanda kika zaɓa, wannan karon zan ba da labarinsa yadda ya faru.

Naki har a naɗe ni a likkafani, kurtunki da bai taɓa samun ƙarin girma ba,

Siyaka Sanu