Kwamfutar da ke Ƙarƙashin Tebur

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙara yi miki ta'aziyyar Malam. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Ni ce wadda yake kira Mai Jan Biro a ofis, don ba na ganin kuskure in yi shiru.

Na ji nauyin damunki a wannan lokaci, amma dole ce ta sa. Kin san manhajar da Malam ya rubuta, wadda ba ta da hoto ko maɓalli, sai baƙin allo a rubuta mata umarni ta aika fayil daga wata kwamfuta zuwa wata. Kafin mu fitar wa mutane da sabuwa, sai mun harhaɗa ta, mun ɗora ta a kan kwamfutar da ba ta taɓa ganinta ba, mun gwada sassanta a haɗe. Kowane sashe yana iya yin lafiya shi kaɗai, a haɗa su rigima ta tashi. Wannan gwajin shi ne aikina.

Tun makon jiya gwajin yake faɗuwa a wuri ɗaya: ya aika fayil, ya jira a dawo masa da shi, shiru. Na bi diddigi sai na tarar adireshin da yake aikawa na gidanku ne. Ashe tun farkon aikin Malam ya haɗa gwajin da tsohuwar kwamfutarsa, da niyyar zai canza daga baya, bai canza ba. Shekara da shekaru ita ke amsa mana ba mu sani ba.

Don Allah Anti, ko an kashe ta? In da hali a kunna.

Ki huta lafiya,
Mai Jan Biro

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Sunanki ba baƙo ba ne a gidan nan. Sau nawa Baban Yara yake dawowa yana mita wai kin sake kama shi, yana mitar yana dariya.

Ni na kashe ta. Na shiga share ɗakinsa, na zare wayar daga bango, har da cewa a raina yau dai na huta. Ba ki san faɗan da muka sha a kan akwatin nan ba. Fankarta kamar injin niƙa, ga zafi, ga ƙura. In na ce ya kashe sai ya ce, "Bar ta, aiki take." In ce wane aiki, allon ma babu? Sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

Na mayar da wayar na danna. Da fankar ta tashi sai na zauna a kujerarsa. Can sai wata 'yar fitila koriya ta fara ƙyaftawa da sauri. Ku ne ko? Wallahi ji na yi kamar ya fita ne ya dawo.

Babban ɗana ya matsa in koma gidansa, wai zaman kaɗaici ba zai yi min ba. Har ɗaki matarsa ta gyara. Na ce masa ba inda za ni, ina da aiki, ofis guda ya dogara da ni. Ya dube ni kamar na zautu. Yanzu kullum ina goge ta, in wuta ta ɗauke ni ke tashi in duba batirin da ke riƙe ta. Ki riƙa sanar da ni ranar gwaji in zauna kusa.

Yayarki

*

Anti,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya, ke da yara. Gwajin ya wuce, komai kore. Mun gode ƙwarai.

Wasiƙar nan na fara ta na yaga, na sake farawa. Anti, ba daidai ba ne fitar da manhaja ya rataya a kan kwamfuta ɗaya a ɗakin mutum. Ranar da ta mutu aikinmu ya tsaya. Saboda haka mun gina wa gwajin abin da zai riƙa amsa masa a cikinsa, ba sai ya fita waje ba. Na gwada, ya yi. Abin da ya rage shi ne a goge layin da adireshin gidanku yake, kuma ni aka ba wa.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin barin wani ɗan saƙo na banza ya riƙa zuwa don fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa. Minti kaɗan zai ɗauke ni, ba wanda zai lura. Amma kin ce wa ɗanki mun dogara da ke, kuma daga wannan fitowar ba haka ba ne. Ba zan iya barin ki ki zauna ke kaɗai kina gadin abin da ni na san wasa ne ba. Raina ya ɓaci da na rubuta wannan, kuma in kin yi fushi da ni ban ga laifinki ba.

Na roƙi shugabanmu gwajin ƙarshe ya bi ta gidanku kafin in goge layin. Ranar Alhamis ne da hantsi.

Ki yafe ni,
Mai Jan Biro

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Na yi fushi, ba zan ce ban yi ba. Amma ranar Alhamis na yi wanka na zauna. Fitilar ta ƙyafta ta ƙyafta, sannan ta tsaya. Na jira har azahar, ba ta sake ba.

Ɗana ya miƙa hannu zai kashe, na ce a'a, ni zan yi. Da fankar ta tsaya na yi kukan da ban iya yi ba ranar da aka fita da gawar Baban Yara. Jibi motar kaya za ta zo, zan koma gidan ɗana.

Abu ɗaya nake so ki rubuto min a sabon adireshin: aikinsa na ƙarshen nan, ya wuce?

Allah ya yi miki albarka,
Yayarki