Farin Yadin da Hairat Ta Yanka

Asabar, 11 ga Maris, 2006

'Yata Hairat ta bar karatun haɗa magunguna. Saura shekara ɗaya. Ita da wata ƙawarta Constance sun cika mini ɗakin ƙasa da kekunan ɗinki, wai sun buɗe kamfani, sunansa Baibai. Sunan ya dace. Bakin ɗinki duk a waje, ba kalmasa, riga da hannu ɗaya. Ni da sai da na haifi uku kafin na iya rubuta sunana, 'yata ce ke watsar da jami'a. Ubanta Malam Almu ya mutu yana jan tasi don kuɗin makarantar nan.

Lahadi, 9 ga Satumba, 2007

Jiya suka nuna kayansu a wani tsohon sito cikin Washington. Na je don kada matan unguwarmu ta Lanham su ce na yar da ita. 'Yan mata dogaye, ba mai murmushi. Rigar ƙarshe fara ce, mutane suka miƙe suna tafi. Da ta gifta ta gabana na ji ƙanshin turaren akwatina.

Ina dawowa na jawo akwatin. Babu. Likkafanina, wanda na saya a Makka, na jiƙa da zamzam, na shanya da hannuna.

Na tambayi Hairat. Ta amsa da Turanci, wai ai farin yadi ne ajiye ba ya komai. Bakina ya kasa faɗin sunansa.

Litinin, 10 ga Satumba, 2007

An buga hoton rigar a jarida. Ban dafa mata abinci ba.

Juma'a, 13 ga Mayu, 2011

Yau muka yi wa Hajiya Hasiya ta Beltsville wanka. Yadin kanti aka naɗe ta da shi, har da takardar farashi a jiki, ni na ɓamɓare. Haka za a yi mini ke nan.

Daga can na wuce shagon Hairat. Yanzu tana da ma'aikata, Turawa na kiranta da wani irin lanƙwasa harshe. A gabansu na ce, “Rigar da ta ɗaga ki, kin san da me kika ɗinka ta? Da abin da za a binne ni.”

Ta zauna a ƙasa. Ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, “Mama, ba wanda ya taɓa nuna mini.”

To wa zai nuna mata? Kullum ina wajen aiki. Amma ba wannan ake magana ba.

Laraba, 18 ga Oktoba, 2017

Wani gidan tarihi zai baje kayan Baibai na shekara goma, kuma suna son su riƙe farar rigar har abada. A bayan gilashi! Constance ce ta kira tana murna, wai daga rigar nan tarihin gidan ya fara. Na ce mata nawa tarihin da ita zai ƙare, na ajiye wayar.

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2017

Hairat ta zo da rigar a kwali, ta ajiye a kan gadona da ɗan abin warware ɗinki. Ta ce ta faɗa wa gidan tarihin a'a, Constance ta yi fushi, wataƙila su rabu. “Taki ce, Mama. Ki warware.” Ta rame. Ba ta ko ci tuwon da na zuba mata ba.

Shekara goma ina jiran wannan, kuma sai ta kawo mini a ranar da gwiwata ke ciwo.

Talata, 7 ga Nuwamba, 2017

Na kulle ƙofa na fito da rigar. Ko na warware ba za ta rufe ni ba, ta yayyanka ta da yawa. Wannan ne dalili, ba wani ba.

Na saka. Don in ga iyakar ɓarnar ne. Gefen da ba hannu ya zubo kamar mayafi, ya rufe har yatsu. Na daɗe a gaban madubi. Ban ce ta yi kyau ba.

Zulkifilu ɗan Hasiya zai je umara, na ba shi saƙon wani yadin.

Na kira Hairat ta zo ta ɗauki abarta kafin mutanen gidan tarihin su canza shawara, ta kuma kira Constance. Na goge rigar ne kawai don kada a ce daga gidan ƙazamai ta fito.