Ragon Baba da Ƙofar Motata

Malumfashi, daren Alhamis, 1965

Har yanzu hannuna warin man kaɗanya yake yi. Tun hantsi nake fama da dogon tabon nan na ƙofar motata, inda amalanken shanu ya karce ta ranar da na sayo ta hannun Baturen auduga a Funtua. Gobe zan kai surukina garin Musawa, shi ne kuwa mutumin da ya ce kwancen Bature na kwaso. In ya ga tabon nan na shiga uku da bakinsa.

Maiɗakina Ladi ce ta kawo dabara. Ta ce, "Malam, tunda baƙa ce, a kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗanya mana." Na yi mata dariya, tana shiga ɗaki na gwada. Wallahi tabo ya ɓace! Na yi ta gogawa da tsohon rawanina har ƙofar ta koma madubi, ina ganin giɓina a ciki.

Ashe ba ni kaɗai ke gani ba. Ina alwalar la'asar ragon Baba, mahaifina, ya zo wucewa, ya hango wani ƙaton rago a jikin ƙofar yana harararsa. Ya ja da baya. Na kwarma ihu, buta a hannu, amma ina! Sau biyu ya gwabza mata.

Yanzu ƙofa ta lotsa kamar tsohon kwano. Baba ya fito ya shafa kan ragonsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙahon bai yi komai ba."

Ladi kuwa jira take in gode mata, wai ai tabon ya fita.