Katin Babanki

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Ya jikin ƙaramar, haƙoran sun fito? Ni dai alhamdu lillahi.

Kin dame ni da tambayar inda nake samun allurar suga. To, zauna ki ji, kuma ban da wa'azi. Wata biyar ke nan da rasuwar babanki, har yau ban sanar da ofishin inshora ba. Katin nasa ne, na wurin aikinsa, ni raɓe nake a ciki. Ranar da suka ji ya rasu, ranar za su rufe shi. Allurar wata guda kuwa ta ninka abin da kike aiko min sau uku. Tunda ciwonmu ɗaya, sai nake karɓo tasa ina yi wa kaina.

Matsalata mai maganin da nake karɓar allurar a wurinsa ne, bakinsa ba ya hutawa. Kullum sai ya tambayi jikin Baba. Wancan zuwan na rasa abin cewa, na ce tari ke damunsa da hantsi. Auta, washegari ina wanke-wanke na ji tari daga ɗakinsa, sau biyu, har da gyaran muryar nan tasa a ƙarshe. Na leƙa, ba kowa, katifa na nan a naɗe. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ki shafa min kan yaran.

Taki,
Inna.

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya aiki? Na ga wasiƙarki, da wa'azin da na hana. Halin babanki sak.

Wata sabuwa ta taso. Ashe duk shekara sai mai kati ya je ofis da ƙafarsa ya dangwala yatsa, a tabbatar yana raye. Matar da ke teburin ta gaya min haka, ni kuma bakina ya riga ni, na ce zai zo da kansa. Wallahi ban shirya faɗa ba.

Ranar Talata na koma in roƙe ta, in ce yana kwance. Tun ban zauna ba ta yi murmushi, ta ce ai Baba ya zo jiya, na'ura ta karɓi yatsansa. Ta juyo min kwamfutar. Ga hotonsa, sanye da rigarsa mai ruwan toka, wadda ni da hannuna na bayar sadaka. Wai har ya yi mata mita a kan tsawon layi. Wannan kam shi ne, ba tantama.

An sabunta katin shekara guda. Da na isa gida na tarar an shimfiɗa katifar. Ban taɓa ta ba, na ja ƙofar kawai.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Inna.

Autata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gidan. Kuɗin da kika aiko sun iso, Allah ya yi miki albarka. Na san zoben aurenki kika sayar, kada ki musa. Na tambaya, allurar kwana tara za su saya. Rana ta goma fa?

Duk da haka na ji maganarki, cewa in bar bawan Allah ya huta. Jiya na ɗauki takardar shaidar rasuwarsa na nufi ofis. Na bi layi har na kai gaban teburin. Na zaro takardar ke nan, matar ta ɗaga kai. Ba ni ta kalla ba, bayan kafaɗata ta kalla. Ta miƙe da sauri ta jawo kujera, tana cewa sannu Baba, da ka zauna a gida ai Mama ta isa.

Kujerar ta yi 'yar ƙara, irin ta wanda ya zauna a gajiye.

Auta, ki yafe min. Ina son in rayu, ban gaji da ganinku ba. Na ninke takardar na mayar cikin jaka, na ce mata tambayar ranar karɓar magani na zo yi. Daga nan na biya wurin mai magani na karɓi allurar.

A hanyar gida ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Amma na rage sauri, kada in bar shi a baya.

Zan mayar miki da kuɗinki. In kun zo hutu, ki yi wa yaran kashedi su riƙa sallama a ƙofar ɗakin babanki.

Taki har kullum,
Inna.